Faifai ko Furosesa: Wanne Za Ka Fara Canjawa?

Lacca ga masu gyaran kwamfuta, ma'aikatan ofis da ɗalibai na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, jihar Tawa

 

  

Tambayar da aka ba ni in yi magana a kanta, duk mai shagon gyara a nan ya sha jin ta. Mutum zai shigo da kwamfuta a hammata ya ce, "Maigida, abin nan ya yi nauyi, a sa mini i7." Wani kuma ya ce an gaya masa disk dur ne ya gaji, wato faifan ajiya. To in kuɗin hannunka abu ɗaya kaɗai za su iya saya, faifai za ka canja ko furosesa? Ba zan ja muku rai ba. A yawancin kwamfutocin da ke hannunmu a wannan yanki, faifai ne. Amma ba na so ku karɓa don ni na faɗa. So nake ku fita daga ɗakin nan kun iya gano amsar da idonku, a kan kowace kwamfuta, cikin minti biyar.

Mu fara duba irin kayan da muke aiki da su. Masu sabuwa fil daga kwali ƙalilan ne a cikinmu. Akasari na hannu ne: HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude da OptiPlex, Lenovo ThinkPad, waɗanda bankuna da kamfanonin Turai da Amurka suka yi shekaru suna mora kafin su sallame su. Wasu suna sauka a Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su hau zuwa titin Beirut a Kano, su zo Sakkwato, su ƙetaro mana ta Illelar Najeriya. Wasu kuma daga Yamai ko Maraɗi suke zuwa. Madannai ma kan tona asirin hanyar da kwamfuta ta biyo: in layin sama ya fara da AZERTY, daga ƙasashen masu Faransanci ta fito, in QWERTY ne, galibi ta kudu ta shigo. Da yawansu ƙirar tsakanin 2011 da 2017 ce. Kamfanonin da suka saye su tun farko ba su yi rowa wajen furosesa ba, shi ya sa za ka ga Core i5 a jikin mafi yawansu. Amma a wancan lokacin SSD, wato faifan da ba ya juyi, tsada gare shi, don haka da faifai mai juyi aka haɗa da yawa daga cikinsu. Ƙari a kan haka, kamfanoni da dama cire faifansu suke yi kafin su sayar, saboda sirrin aikinsu, sai ɗan kasuwa ya cusa duk wanda ya samu da arha. Abin da ke isowa hannunmu ke nan: furosesa mai sauran ƙarfi, haɗe da faifan da ya riga ya ga jiya ya ga yau.

Wanda bai taɓa ganin cikin faifai mai juyi ba, ya nemi matacce a shagon gyara ya kwance shi. Zai tarar da faranti mai ƙyalli, da wani ɗan hannu siriri mai kai a bakinsa, wanda ke kai da komo a saman farantin ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba. Farantin yana juyawa sau 5,400 a minti a yawancin kwamfutocin cinya, sau 7,200 a na tebur. Duk abin da ka nema, sai hannun nan ya tafi layin da abin yake, sannan ya jira farantin ya juyo da shi. Kamfanin IBM ne ya fara fito da wannan dabara a 1956, a wata na'ura mai suna RAMAC mai faranti 50, wadda nauyinta ya kai tan guda, alhali abin da take ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ba. Tun daga nan an ƙanƙanta ta, an faɗaɗa mata ciki ninkin ba ninkin, amma har gobe ƙarfe ne ke motsi, kuma ƙarfe yana da iyakar gudunsa. Neman abu ɗaya yana cin kusan kashi ɗaya cikin 100 na sakan. Wato in ƙananan fayiloli ne a warwatse, kusan 100 kawai zai iya tsinto maka a sakan guda.

Furosesa kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa sai lantarki. Na farko da Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, ƴan makullan lantarkin da ake kira taransista 2,300 ne a cikinsa. Na yau suna da biliyoyi. In ka ga an rubuta 3 GHz, ana nufin yana bugawa sau biliyan 3 a sakan. Ku yi lissafin da kanku: a cikin ɗan kashi ɗaya cikin 100 na sakan da faifai ke neman abu guda, furosesa ya buga sau miliyan 30 yana jira.

Lambobin sun yi wa hankali girma, don haka mu sauko da su ƙasa. Ku ɗauka furosesa magini ne gwani, kowane bugu nasa mu mai da shi sakan ɗaya. RAM shi ne tarin kayan da ke gindin gini: in ya ce a miƙo, minti biyar an kawo. Faifai mai juyi shi ne siton da simintin yake, kuma da wannan ma'auni, daga lokacin da ya aika a ɗauko buhu ɗaya zuwa lokacin da buhun zai iso, kwana 347 ne, shekara saura kaɗan. Ko a amalanken jaki aka tafi ɗauko shi daga masana'antar Malbaza, ai da tuni an manta an dawo. Da SSD, jiran nan yana komawa kwana uku da rabi. To sai mai gida ya zo ya tarar gini bai tashi ba, ya kori maginin, ya ɗauko wanda ya fi shi zafin hannu, ya ninka masa lada. Sabon maginin ma zama zai yi a inuwa yana jiran siminti. An bar jaki ana dukan taiki.

SSD ba shi da faranti, ba shi da hannu. Dangin katin ajiyar da ke cikin wayarku ne, irin ƙwaƙwalwar da wani injiniyan Japan, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Masu sayarwa sukan yi tallarsa da cewa yana karanta megabait 500 a sakan, inda mai juyi ke yin 100 ko ɗari da wani abu. Gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda ya yi wa mai juyi fintinkau shi ne tsintar ƙananan abubuwa: wancan yana kawo ɗari a sakan, shi yana kawo dubun dubata. Kuma aikinmu na yau da kullum duk tsinta ne. Tashin Windows karanta dubban ƙananan fayiloli ne. Buɗe Word haka, buɗe Excel haka, binciken da manhajar kashe bairos ke yi a ɓoye haka.

Ku tuna yadda safiya take a shagon buga takardu a lokacin haɗa dosiye na jarrabawa ko na neman aiki. Layi ya kai bakin titi, yarinyar da ke kan kwamfuta ta danna makunni, ta share tebur, ta gaisa da kowa, har yanzu ɗan da'irar nan yana ta wulwulawa. Ta danna Word, shiru. Ta sake dannawa, ta sake, can sai guda uku su buɗe a lokaci ɗaya. A gefen kwamfutar akwai ƴar fitila mai alamar ganga. Ku dube ta a irin wannan lokaci: ba ƙyaftawa take yi ba, a kunne take ɗaram. In ka kanga kunne kusa da madannai za ka ji ƙarar ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Hannun nan ne yake ta safa da marwa a kan faranti. Furosesa a lokacin yana hutawa ne.

Wani masanin ƙirar kwamfuta Ba'amurke, Gene Amdahl, ya tsara wannan magana a lissafe tun 1967: in ka hanzarta wani sashe na aiki, ribar da za ka samu ba za ta wuce rabon da wannan sashe ke ci daga lokacin aikin ba. A ce, misali, wani aiki yana cin sakan 100, 80 a jiran faifai, 20 a lissafin furosesa. Ka sayi furosesa mai ninkin gudu, 20 ta koma 10, aikin ya zama sakan 90. Da ƙyar ma za ka lura. Ka bar furosesan, ka sa faifan da ya fi sauri sau goma, 80 ta koma 8, aikin ya zama sakan 28. Amma ku lura, dokar nan ba ta goyon bayan kowa. In aka juya rabon, furosesa ke cin 80, to amsar ma ta juya. Shi ya sa awo ya zama wajibi kafin a ciro kuɗi.

Ma'aunin kuma yana cikin Windows, kyauta. Ka danna Ctrl da Maj da Échap tare, ko Ctrl da Shift da Esc a madannan Ingilishi. Allon da Faransanci ke kira Gestionnaire des tâches zai buɗe. Ka shiga sashen Performances, za ka ga furosesa, da RAM, da faifai, kowanne da kasonsa cikin ɗari. Kada ka duba a lokacin da kwamfuta ke zaune lafiya. Ka bar allon a buɗe, ka yi ainihin aikin da ke ba ka haushi, ka ga wanne ne zai cika. In faifai ya manne a 100 alhali furosesa yana 15 ko 20, magana ta ƙare, SSD kake buƙata. In furosesa ne ya manne a 100 faifai kuwa yana ƙasa, to sai mu zauna mu yi wata maganar. In kuwa duka biyun suna ƙasa amma shafin intanet ya ƙi buɗewa, ka bar kwamfuta ta huta, ka tambayi layin Airtel ko Moov ko Zamani da kake hawa. Babu faifan da ke gyara rashin rezo.

Akwai na uku da ba a sa shi cikin tambayar ba, amma dole in ambace shi, wato RAM. Idan RAM ya cika, Windows yakan kwashe rarar ya zuba a faifai, ya riƙa ɗaukowa yana mayarwa. A nan za ka ga faifai a 100, alhali asalin ciwon ƙarancin RAM ne. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga mai buɗe shafuka da yawa a Chrome. 8 ya wadatar da aikin ofis. Sai dai a kula wajen saye, DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, kuma kwamfutocin cinya da yawa masu furosesan Intel zubi na huɗu DDR3L suke so, mai ƙaramar wuta. Windows mai bit 32 kuma ba ya amfani da abin da ya haura gigabait 4, ko nawa ka zuba masa.

Yanzu ga mai cewa a sa masa i7. Da farko, shin ma zai ciru? A kwamfutocin cinya, tun daga zubi na biyar na Intel, wajen 2015, kusan duk furosesa a like yake da uwar allo, wadda muke kira kat-mer, da ɗaruruwan ƙwayoyin dalma a ƙarƙashinsa. Duk wanda lambarsa ta ƙare da harafin U, irin su i5-4300U ko i5-6300U, a like yake. Wanda ya ce zai ɗaga maka shi da hura wuta ya dasa wani, caca yake yi da kayanka. Tsofaffin zubi na biyu da na uku masu ƙarewa da M, irin na ThinkPad T430 ko Latitude E6430, waɗannan suna ciruwa. Amma me za ka sa? Ɗan'uwansa na zubi ɗaya, mai shekarunsa, wanda zai ƙara maka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma ƙara wa kwamfutar zafi in ya fi cin wuta.

A kwamfutar tebur akwai ɗan sarari. Furosesa yana zaune ne a gurbi mai ƙulli, kana ɗaga sanda ka ciro shi. Sai dai Intel yana canja gurbin nan kusan duk bayan zubi biyu: LGA1155 na zubi na biyu da na uku, 1150 na huɗu, 1151 daga na shida, 1200, 1700. A ido kamar ɗaya suke, amma ba sa shiga na juna. Har a cikin 1151 ɗin, allon zubi na shida ba ya karɓar na takwas. Canjin da ke da ma'ana shi ne irin a cire i3-3220 mai zuciya biyu, wato sassan lissafi biyu, daga OptiPlex 7010 a sa i5-3470 mai zuciya huɗu. Wannan yana yi, kuma mai aikin da ke cin furosesa zai ji bambanci. AMD ya fi sassauci a gurbinsa na AM4, wanda ya ɗauki Ryzen zubi da yawa, amma su ba su cika yawa a kasuwanninmu ba. Kuma ƙannena masu koyon gyara, cikin gurbin Intel akwai allurai fiye da dubu, sirara. Yatsa ɗaya ya goge su, ko furosesa ya suɓuce ya faɗa a karkace, ka kashe wa mutum uwar allo.

Sannan sunan i7 ɗin kansa yana ruɗin mutane, kuma ƴan kasuwa sun sani. Lambar da ke bayan sunan ita ce abin dubawa. Adadi na farko shi ne zubi: 6300 zubi na shida, 8250 na takwas, daga zubi na goma adadi biyu na farko ake karantawa. Ga i7-7500U, zuciya biyu gare shi. Ga i5-8250U, zuciya huɗu, kuma a aiki mai nauyi ya bar wancan a baya nesa. Mutum zai ƙara kuɗi ya ɗauki tsohon i7 saboda takardar da aka manna a jiki, ya bar i5 ɗin da ya fi shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da mutanen da suka ƙera kayan nan: zafi da ƙura. A Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Hunturu ya zo da tasa ƙurar, mutanen Malbaza ga ta siminti a kai. Furosesa yana da dabarar kare kansa: in zafinsa ya doshi digiri 100, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Za ka ga wanda aka rubuta wa 2.6 GHz ya sauko ƙasa da 1, kaso kuwa ya manne a 100, fanka tana kuka. Mai ita zai rantse furosesa ya tsufa. Kwance bayan kwamfutar ka ciro fankar, ka duba tsakaninta da ƴan haƙoran tagullar da iska ke fita ta cikinsu. Za ka tarar ƙura da zaren tufafi sun dunƙule sun toshe hanyar gaba ɗaya, har sai ka sa tsinke ka ɗago su a dunƙule. Man sanyayawar da ke kan furosesa kuma ya bushe ya zama gari. Ka share, ka goge tsohon man, ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, ka mayar. In da abin hura iska za ka yi, ka danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Sau da yawa wannan aiki na rabin awa yana dawo da gudun da mutum ya zo da niyyar saye da jikkuna masu yawa. Ku duba caja ma. Wasu kwamfutocin Dell, in ba su gane cajar da aka sa musu ba, da gangan suke rage gudun furosesa, kuma cajar bogi ta cika kasuwa.

To su wa ke buƙatar furosesa da gaske? Masu haɗa bidiyon biki da na wa'azi, masu juya fina-finai zuwa girman waya kafin su tura a kati, masu zanen gini, da masu haɗa sauti a situdiyo. Mai haɗa bidiyo, in ya gama yanka ya danna fitarwa, furosesa ne da katin hoto ke ɗaukar dukan nauyin. SSD zai sa manhajarsa ta buɗe da wuri, ya sauƙaƙa masa jan hotuna, amma awa biyun da yake jira kafin bidiyo ya fita ba za ta ragu sosai ba. Shi kam zuciya huɗu ko shida yake buƙata, kuma shawarata gare shi ya tara kuɗi ya sayi ta tebur mai sabon zubi, maimakon ya yi ta yi wa tsohuwa faci. Amma malamin da ke lissafin makin ɗalibai, da ma'aikacin magajin gari mai buga takardun haihuwa, da ma'aikaciyar cibiyar lafiya mai shigar da rahoton wata a DHIS2, da mai fiton kaya a duwan, da sakataren ƴan albasa a Galmi ko Tsarnawa, duk i5 ɗin 2013 ya ishe su har ya yi rara.

Kada kuma a ce na ce a zubar da faifai mai juyi. Wajen ajiya mai yawa har yanzu shi ne mai arha. Mai tura fina-finai da waƙoƙi da karatuttuka, wanda ke da kaya terabait biyu ko huɗu, ba shi da dalilin sayen SSD mai wannan girma. Ya sa ƙarami, gigabait 240 ko 256, Windows da manhajoji su zauna a kai, kayan ajiya su zauna a mai juyi. A kwamfutar tebur duka biyun suna shiga. A tsohuwar ta cinya mai gurbin DVD, akwai ɗan akwatin da ake sawa a gurbin ya ɗauki faifai na biyu.

Wajen saye sai an buɗe ido. Akwai SSD mai siffar tsohon faifan cinya, inci biyu da rabi, mai bakin SATA. Shi ne ke shiga kusan kowace tsohuwar kwamfuta. Akwai siririn nan M.2, shi kuma iri biyu ne, na SATA da NVMe, kuma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba, don haka a duba lambar kwamfuta kafin a biya. NVMe yana kai megabait 3,000 ko fiye a sakan, amma a aikin ofis da wuya ka bambance shi da na SATA. Babban tsallen shi ne daga mai juyi zuwa SSD kowane iri. Ko tsohuwar kwamfuta mai SATA na biyu, wadda ba ta wuce 300, za ta farfaɗo. Jabu kuma yana nan, da sunan manyan kamfanoni a jiki. Ku sa manhajar CrystalDiskInfo a filashinku: tana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki, da lafiyarsa da launi, shuɗi lafiya, rawaya hattara, ja a kwashe kaya yanzu. Wanda aka ce sabo ne ka ga ya yi awa dubbai, ka mayar. Manhajar H2testw kuma tana cika faifai da rubutu ta sake karantawa, ta tona asirin wanda aka rubuta wa terabait ɗaya alhali cikinsa bai kai haka ba. Amma in ka sayi mai 256 ka ga Windows ya nuna 238, ko mai 500 ya nuna 465, ba a cuce ka ba, bambancin ƙidaya ne tsakanin kamfani da Windows.

SSD yana da wasu alherai da suka dace da mu. Ba ya tsoron girgiza, ga wanda ke yawo da kwamfuta a kan kabu-kabu a hanyoyin ƙauye. Bai kai mai juyi cin wuta ba, ga mai dogaro da batir ko sola. Amma yana da mugun hali guda: mai juyi yakan yi gargaɗi, ya yi ƙara, ya yi nauyi, kafin ya mutu, SSD kan mutu rana tsaka ba sallama, kuma ciro kaya daga matacce ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil a kowanne daga cikinsu. Mu kuwa mun san halin wutarmu. Ko da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ba mu manta da yadda aka kwana ba lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023. Kwamfutar tebur da ba ta da ondilar, kasada ake yi da ita kullum. Kuma duk takardar da rasa ta zai sa ka kuka, ta zauna a wuri biyu.

Saura magana ɗaya da furosesa ke da iko a cikinta, ba don gudu ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma a hukumance yana neman Intel daga zubi na takwas, ko Ryzen daga jerin 2000, da guntun tsaro TPM 2.0. Kwamfutar zubi na uku ko na huɗu, babu furosesan da za ka dasa mata ta cika wannan sharaɗi, domin gurbinta ba ya karɓa. Ana iya tilasta mata Windows 11 ta bayan gida, masu gyara sun san hanyar, amma Microsoft bai ɗauki alhakinta ba. Ga ɗalibi da makaranta, Linux Mint da LibreOffice a kan SSD suna tafiya lafiya lau a tsohuwar kwamfuta, kuma kyauta ne. Ga ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a a kan intanet, a fara shirin sauya kwamfutar. Ranar sayen wata, a nan ne ake zaɓen furosesa, kuma kada a sauko ƙasa da zubi na takwas. SSD ɗin da ka saya yau ba asara ba ne, in sabuwar ta karɓe shi sai ka ciro ka mayar a cikinta, ko ka sa shi a akwatin USB.

Roƙona na ƙarshe ga abokan sana'a ne. In mutum ya kawo muku kwamfuta, ku kunna ta a gabansa, ku buɗe allon awon nan, ku nuna masa da yatsa abin da ya cika kafin ku faɗi kuɗi. Ku kwashe masa takardunsa da hotunansa kafin ku taɓa komai, domin da yawa ba su san fomatin yana share su ba sai sun koma gida. Tsohon faifan da kuka cire kuma nasa ne, akwai hotunan iyalinsa da lissafin kasuwancinsa a ciki. Kada ya kwana a durowarku, kada ya shiga kwamfutar wani. Ku miƙa masa a hannunsa tare da cajarsa.